Me ya sa ake cewa "everyone is", alhali mutane da yawa ake nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai shirin jarrabawa. Na rubuta "Everyone in the class are ready", sai malaminmu ya soke "are" ya sa "is". Tunda ɗalibai da yawa nake nufi, ina kuskurena yake? Kuma shin "none" ma haka hukuncinta yake?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malaminka ya yi daidai, kuma hujjarsa tana nan a bakinka, domin kai da kanka ba ka taɓa cewa "kowa sun shirya" ba, "kowa ya shirya" kake cewa, ko da mutum ɗari ne a ajin. Haka Turanci ya ɗauki everyone, everybody, someone, anybody, nobody, everything, nothing da danginsu: ko da ma'anarsu ta tattara jama'a, nahawu yana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don haka aikatau na tilo suke ɗauka, wato is, was, has, ko wanda aka ƙara wa harafin s, kamar "Nobody knows". A nan ɗalibai kan rikice, saboda s a ƙarshen suna alamar jam'i ce, amma a ƙarshen aikatau alamar tilo ce.

Tarkon da ya fi kama masu jarrabawa shi ne sunan jam'in da kan shiga tsakani. A "Each of the students has a book", kalmar students ce ke maƙwabtaka da aikatau, sai kunne ya ja hannu zuwa have, alhali each ce aikau, wato mai aikin a jimlar. Gwada ta da Hausa ka ji: "kowanne daga cikin ɗaliban yana da littafi". Either da neither ma tilo ne a rubutu na ƙa'ida, kodayake za ka ji Turawa suna cewa "neither of them are" a hira. Both, few, many da several kuwa jam'i ne koyaushe.

Some, any, all da most ba su da tsayayyen hukunci, sunan da ya biyo bayansu suke bi. Idan abin da ba a ƙirgawa ne, sai tilo: "Some of the water is dirty". Idan kuwa ana ƙirga shi da yawa, sai jam'i: "Some of the cups are dirty".

Batun none ya fi tsawo. Asalinta a tsohon Turanci haɗin kalmomi biyu ne masu nufin "ba ɗaya ba", shi ya sa wasu malamai suka dage cewa "None of the boys is here" kaɗai ce daidai. A ganina wannan tsananin ya wuce gona da iri, domin ƙarnuka da dama ke nan marubutan Turanci suna haɗa ta da jam'i, kuma manyan ƙamusoshi sun yarda da duka biyun. Duk da haka, a ɗakin jarrabawa ka zaɓi tilo, domin babu mai duba takardar da zai rage maka maki a kansa. Idan abin da ba a ƙirgawa ne, babu ma zaɓi: "None of the money was found".

Saura abu guda da za ka ci karo da shi a karatu: "Everyone has brought their book". Aikatau na tilo ne, their kuma jam'i, amma jimlar karɓaɓɓiya ce, kuma irin wannan amfani ya samo asali tun ƙarni na 14. Ana yin haka ne don kada a ware mace ko namiji. Sai dai ka lura cewa their ba ta canza aikataun farko ba, has tana nan yadda take.