Tambayoyin Masu Karatu: Yarjejeniyar Sauƙaƙa Cinikayya

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina shigo da kayan gyaran babura. Na ji ana maganar wata yarjejeniyar sauƙaƙa cinikayya tsakanin ƙasashe. Shin za ta rage mini kuɗin fito?

Amsa: Alhaji, ba za ta rage maka kuɗin fito ba, domin abin da ta shafa shi ne takardu da matakan da kaya ke bi kafin a sake su. Ƙasashen Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya sun amince da ita a Bali ta ƙasar Indunusiya a watan Disamban 2013, ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, bayan Najeriya ta amince da ita a watan Janairun wannan shekarar.

Ta wajabta wa kowace ƙasa ta wallafa dokokin kwastam da kuɗaɗen da ake biya, ta kuma ba da damar gabatar da takardu tun kafin jirgi ya iso, sannan ta buƙaci a yi ƙoƙarin kafa kafa ɗaya inda ɗan kasuwa zai miƙa takardunsa sau ɗaya, maimakon ya yi ta zarya daga ofis zuwa ofis. A ganina wallafa kuɗaɗen ya fi komai amfani ga irinku, domin wanda ya san abin da doka ta ce da wuya a ƙara masa na baki.

Sai dai an bar wa ƙasashe masu tasowa su zaɓi lokacin aiwatar da kowane sashe, shi ya sa ba a ganin sauyin lokaci guda.