Amsa ga mai son sa wa tsofaffin Game Boy ɗinsa fitila

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka tsinci na'urorin wasa biyu a cikin kayan yayanka, Game Boy ta asali mai ruwan toka da kuma Game Boy Advance, duk suna tashi, amma ba ka ganin abin da ke gilashin sai ka fito tsakar gida, kuma wani mai gyaran waya ya ce zai ɓare ledar bayan gilashin ya jera ƙwayayen LED. Kana tambaya ko ka ba shi. A kan mai ruwan tokar, maganarsa tana kan hanya, ko da yake da sauran bayani. A kan Advance ɗin kuwa, kada ka bari ya kai reza kusa da ita. Gilasan biyu ba ƙira ɗaya ba ne, kuma abin da ya gyara ɗaya shi zai kashe ɗayan.

Da farko dai ka kwantar da hankalinka, duhun nan ba lalacewa ba ne, haka aka ƙera su. Lokacin da Nintendo ta fitar da Game Boy a 1989, Gunpei Yokoi da mutanensa sun zaɓi gilashin da ke aron haske daga waje: haske ya shiga ta gaba, ya bugi wata leda mai sheƙi a baya, ya dawo idonka. Dalilinsu arha da tsimin batir. Abokan hamayyarsu, Atari Lynx ta 1989 da Game Gear ta Sega da ta fito a 1990, sun zo da kala da fitila a ciki, amma Game Gear batir shida take cinyewa cikin awa uku zuwa biyar, ita kuwa Game Boy da batir huɗu sai ka gaji ka ajiye. Nintendo ta ci gaba a haka har Game Boy Pocket ta 1996, Game Boy Color ta 1998 da Advance ta 2001. In ka cire Game Boy Light, wadda a Japan kaɗai aka sayar da ita a 1998, sai a 2003 suka sa fitila a cikin Game Boy Advance SP, wadda ake kira SP a taƙaice.

Mu fara da mai ruwan tokar, wadda za ka ga an rubuta DMG-01 a bayanta. Ita ledar mai sheƙi a waje take, manne a bayan gilashin, shi ya sa ake iya ɓare ta. Abin da masu gyaran waya da yawa ba su lura da shi ba shi ne leda biyu ce a haɗe: mai sheƙin, da wata mai duhu-duhu da ke tace haske, wadda ake kira folaraiza. Dole duka biyun su fita, a goge gam ɗin tas da sifirit, sannan a zura faifan fitila siriri da sabuwar folaraiza a tsakaninsa da gilashin. In an manta sabuwar, za ka kunna ka ga haske fari fat babu hoto, ka ɗauka an kashe gilashin. Kuma faifai ake sa wa, wanda ke baza haske daidai ko'ina, ba ƙwayaye a jere ba. Na ga aikin da aka yi da ƙwayaye tsirara, gefe ɗaya na kashe ido, tsakiya kuma dishi-dishi.

Wahalar tana wajen ɓarewar. Gilashin DMG ba ya cirewa daga fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da yake kai, an liƙe shi da fileks biyu, wato siraran ledoji masu layukan wuta a ciki, ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefen dama. Ɗaga shi kaɗan kawai za ka iya, ka tura reza ta kusurwar sama, ka kama bakin ledar ka riƙa ja sannu a hankali kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Wani gam ɗin yana sakin jiki, wani kuma shekara talatin da ɗoriya ta mayar da shi sai ka yi ta kankara. Fileks ɗin ƙasa yana da haƙuri: in layuka na tsaye sun ɓace a hoton, ana ɗora ƙarfen narka dalma mai zafi a kan bakinsa, a riƙa gogawa a hankali har su dawo, kuma yawancin waɗanda suka zo hannuna da wannan ciwon sun warke. Na gefen dama ne ba ya yafiya. In ya motsa, layukan kwance suka fito, da wuya ka ga wanda ya dawo da su. Don haka hannun da ke riƙe gilashin ya fi hannun da ke jan ledar muhimmanci.

In har za a yi, to a haɗa da abin da ake kira bivert, don fitila ita kaɗai tana wanke hoton, baƙin ya koma toka-toka. Dabarar ita ce a juya hoton sau biyu. Ana sa ƙaramin ayisi, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, mai lamba 74HC04, a kan layuka biyu da ke kai bayanin hoto zuwa gilashi, sai baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Sannan a juya sabuwar folaraizar kwata guda, wato digiri 90, sai hoton ya dawo daidai. Riba ita ce baƙin ya fi kauri, inuwoyi huɗun nan da na'urar ke da su kowacce ta fito daban. Aikin yana buƙatar a ɗaga ƙafa biyu na soket ɗin fileks a kan babban fanel, kuma a nan ne mai gyaran wayarka zai yi maka rana, don wanda ya saba canza bakin caji wannan ba komai ba ne a wurinsa. Wutar fitilar kuma a bi zanen da ya zo da kayan, a gwada da mita kafin a ɗiga dalma.

Ra'ayina a kan wannan DMG ɗin taka: in gilashinta lafiya lau yake, babu layi, babu baƙin tabo, kuma kayan yayanka ne da kake son adanawa, ni da zan bar ta yadda take. Ɓarewa ba ta da komawa baya. Ka nemi wata a gwanjo wadda ta riga ta ji jiki, a koyi aikin a kanta. In kuma gilashin yana da baƙin tabon nan da ke yaɗuwa daga gefe, wannan ba ya gyaruwa, fitila ma ƙara tona shi za ta yi, sai dai a canza gilashin gaba ɗaya da na zamani. Pocket ma ana yi mata irin wannan aikin, sai dai fileks ɗinta ya fi laushi, batir ɗinta kuma ƙanana biyu ne, ba su da ƙarfin ɗaukar kaya da yawa.

Yanzu Advance, da ita da Color hukuncinsu ɗaya. A cikinsu abin da ke mayar da hasken yana cikin gilashin kansa, ba leda ba ce a baya. Ko ka kankare bayan har ya yi ƙyalli, ka haska tocila, hasken ba zai ratso yadda zai amfane ka ba. Hanya biyu ce kawai: a haska ta gaba, ko a cire gilashin a sa wani.

Haskawa ta gaba ita ce tsohuwar hanya. Kafin a fara buɗe na'ura ma akwai 'yar fitilar nan mai lanƙwasa, Worm Light ta kamfanin Nyko, da ake soka wa a ramin haɗa na'ura biyu, tana haska wuri ɗaya tana bar maka ƙyalli a tsakiyar gilashi. A 2002 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Triton Labs, ya fitar da Afterburner, faifai mai haske da ake shimfiɗawa a kan gilashin Advance daga ciki, kuma SP ta farko, AGS-001, irin wannan tsarin ta bi. Yana aiki, ba ya cin batir sosai, kuma a rana hoton yana nan kamar na asali. Amma kalar tana yin fari-fari, kuma duk ƙurar da ta shiga tsakanin faifan da gilashin sai ta haska kamar an kunna ta. Masu son ya yi kyau suna zuba gam ɗin ruwa na LOCA, wanda masu liƙa gilashin waya suka sani, a busar da fitilar UV. Yana gyara hoton ƙwarai, amma in kumfa ta shiga ko ya zuba cikin maɓallai, ranar ba za ka ji daɗi ba. A yau ba na ba sabon shiga shawarar wannan.

Canza gilashi ya fi. Da, mutane suna cire na SP ta biyu, AGS-101 ta 2005, wadda ke da fitila ta baya, su dasa a Advance da fileks na musamman. Har yanzu akwai masu cewa shi ne ya fi kama da na Nintendo, kuma ban musa ba, sai dai samun na gaske ya yi wuya, kuma ba na son a yanka SP mai lafiya don a ciyar da wata. Yanzu gilasan IPS, irin gilashin waya mai fitila ta baya, su ne suka cika kasuwa, na kamfanin FunnyPlaying da ire-irensu. Wani abin da zai ba masu gyaran wayarmu dariya: da yawa daga cikinsu asalinsu gilashin BlackBerry ne. Wanda aka daɗe ana sa wa Advance na Curve 9380 ne, mai ɗigo 480 da 360, hoton Advance kuma 240 da 160 ne, to in an ninka shi biyu, ya zama 480 da 320, sai faɗinsa ya zauna cif. Na Color kuma akwai wanda ake kira Q5, daga BlackBerry Q5, ana ninka 160 da 144 sau huɗu. Amma kada ka je ka ciro gilashin tsohuwar waya ka ce za ka haɗa, sirrin yana cikin fileks mai ayisi da ke fassara hoton, shi ake saya.

Kafin ka yi oda, buɗe murfin batir ka leƙa ta 'yar kafar da ke sama, za ka hango lambobi a jikin fanel. In sun fara da 0, soket ɗinka mai ƙafa 40 ne, in da 1 suka fara, mai 32 ne. Kaya da yawa yanzu suna zuwa da bakin duka biyun, amma ka duba. Ka nemi sukudireba mai baki uku, don da irin wannan kusar Nintendo ke ɗaure na'urorinta, kuma in ka matsa mata da na waya mai baki huɗu kanta zai cinye. Na kan same shi wajen masu kayan gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano. Gilashin IPS ya fi na asali girma, sai an sassaƙe cikin kesin ɗin, kuma nan ne yawanci ake asara: ɗan tudun roba da aka bari, a ɗaure kusa, gilashin ya tsage, don siriri ne ƙwarai. Ka sayi sabon kesin da aka riga aka yanke, ka ajiye na yayanka da tsohon gilashin a leda, duk ranar da ka so sai ka mayar. Kuma ka jona komai a kan tebur ka kunna ka gani kafin ka cire takardar gam, don yawancin masu sayarwa ba sa karɓar wanda aka riga aka manna. Wayoyi ukun da ake liƙa wa maɓallan Select da L da R na rage haske ne da ƙara shi, ko ba su gilashin zai yi aiki, amma ka sa a liƙa, za ka buƙace su.

Ƙura kuwa, kada ka yi wannan aikin da hunturu a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga da fanka tana juyawa. Ni bayan an yi ruwan sama nake yi, ko na yayyafa ruwa a ƙasa na rufe ƙofa, na ajiye salatif a gefe don ɗauke duk abin da ya sauka. Akwai kuma irin da ke zuwa gilashin a manne da murfinsa na gaba, babu inda ƙura za ta shiga, kuma a ƙasarmu ƙarin kuɗinsa ya cancanta.

Abin da ba a cika gaya wa mutum ba shi ne bayan an gama, matsalar takan koma wajen wuta. IPS yana jan wuta fiye da tsohon gilashi nesa ba kusa ba, sai ka ga fitilar batir ta koma ja da wuri, ko na'urar ta mutu tana tsakiyar wasa, musamman da kaset ɗin nan mai ɗaukar katin memori. Kafin ka zargi gilashin, a buɗe makunnin a wanke shi da sifirit, don dattin shekara ashirin da ke ciki yana rage wutar da ke wucewa, a kuma kankare tsatsar ƙarafan batir. Batir mai arha na rediyo ba zai kai ka ko'ina ba, ka nemi masu caji na NiMH, ka rage haske zuwa tsakiya. Sannan kalar wasu wasannin za ta yi maka yawa, don masu yin su sun ƙara mata ƙarfi ne saboda duhun gilashin asali. Wasu kuma, irin Castlevania: Circle of the Moon na 2001 da aka yi ta kuka da duhunsa, sai yanzu za ka ga abin da aka zana a bangon.

Ga masu Game Gear kuma, ita nata daban ne: tana da fitila tun asali, doguwar kwalba mai aiki da wuta mai ƙarfi, don haka a cire batir kafin a sa hannu a wajen. In hotonta ya dushe ko sauti ya ɗauke, kusan kullum kafasitoci ne, 'yan gwangwanayen nan masu ajiye wuta a kan fanel, suka zubar da ruwa, a canza su duka tukuna kafin a yi maganar LED ko sabon gilashi.

Ka ɗauko hoton lambobin nan na cikin ramin batir ɗin Advance, da hoton gilashin DMG a kunne ba kaset, ka murɗa dabaran gefen hagu har ya yi baƙi gaba ɗaya. A nan duk layin da ya mutu zai fito, sai mu ga ko ta ɓarewa ce ko ta ajiyewa.