Na ƙara wa eriyata tsawo, sai ƙara ta ƙaru: in haɗa ta da wayar NEPA?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni mai sha'awar kamo tashoshin nesa ne a matsakaicin zango, musamman bayan sallar isha'i. Da ina da waya mai tsawon mita 15, sai na mayar da ita mita 40, amma maimakon a samu ci gaba sai shuuu da ƙara suka ƙaru, tasha ɗaya kuma tana fito mini a wuri uku. Wani mai gyaran rediyo ya ce tsawon ne bai kai ba, wai in saƙala ta, ta hanyar kwandansa, a jikin wayar NEPA da ta shigo gidanmu, tunda babu wayar da ta fi ta tsawo, kuma yawanci ma babu wuta. Hankalina bai kwanta ba, ga yara a gidan. Mita nawa ya kamata, kuma shawarar nan tasa akwai hatsari? Daga wani mai sauraro a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rashin kwanciyar hankalin nan naka shi ne daidai. Kada ka haɗa, ko da kwandansa (ɗan kayan rediyon nan da ake sa ran zai tare wutar ya bar sigina ya wuce) ko babu. Zan dawo kan wannan, amma bari mu fara sallamar maganar tsawo.

Ka san lissafin: a raba 300,000 da lambar kilohaz ta tashar, abin da ya fito shi ne tsawon zangon a mita, rubu'insa kuma shi ne tsawon da aka saba auna wa eriya. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna a 594 zangonsa ya kai mita 505, rubu'insa mita 126. Tashar Parakou ta Jamhuriyar Benin a 1566 kuwa mita 192 ne, rubu'insa 48. Wato babu wata waya guda da za ta dace da zangon gaba ɗaya daga 531 zuwa 1602, kuma ba ka buƙatarta. Mai watsa shiri ne dole ya auna eriyarsa daidai, don ƙarfin da ya zuba ya fita. Kai mai kamawa ne. A wannan zangon, a yankinmu mai yawan walƙiya, ƙarar da sararin sama ke kawowa ta fi ta cikin rediyonka nesa ba kusa ba. Da zarar wayarka ta kai inda in ka jona ta kake jin ƙarar ta ɗan ɗaga, ta isa. Duk mitar da ka ƙara bayan nan, tare take ɗaga muryar tashar da ƙarar. Mita 15 zuwa 25, a sama da ƙasa kamar mita 5 ko 6, nesa da kwanon rufi, sun ishi kowane ƙaramin rediyo.

Tashar da ke fito maka a wuri uku kuwa alama ce ta rediyon ya ƙoshi har ya shaƙe. Ƙananan rediyoyi an yi su ne don ɗan siginar da baƙin sandan ferait na cikinsu ke kamawa. In ka ɗura musu na waya mita 40, matakin farko na rediyon ya kasa ɗauka, sai tasha mai ƙarfi ta gauraye da sauran ta riƙa ɓullowa inda ba gidanta ba. Sannan ina kyautata zaton a jikin eriyar ƙarfen nan da ake zarowa ka ɗaura wayar. A yawancin rediyoyi wannan ta FM ce da gajeren zango, matsakaicin zango bai san da ita ba. Yadda ake yi: ka kawo wayar ka naɗa ta a jikin rediyon sau 5 zuwa 8, daga sama ta gaba, ta ƙarƙashi, ta dawo ta baya, domin sandan ferait a kwance yake tare da faɗin rediyon. Ƙarshenta ka kai shi ga rodin ƙasa. In tasha ta yi ƙarfi da yawa, rage naɗi ɗaya ko biyu. Rodin mai rufin jan ƙarfe ne, mita ɗaya da rabi, a kafa shi inda ƙasa ke da danshi, kamar gindin randa ko bakin rijiya, da rani kuma a riƙa zuba masa bokitin ruwa. Kada ka ara na wayoyin wutar gida, duk dattin ƙarar gidan ta nan yake bi.

To yanzu ga maganar mai gyaran nan.

Wannan shawara ta daɗe tana yawo a bakin masu gyaran da suka koyi riƙe ƙarfen liƙi ba su koyi tsoron wuta ba, kuma kullum da hujjoji biyu suke zuwa: ai akwai kwandansa a tsakani, ai kuma an ɗauke wuta. Ɗauki ta farko. Kwandansar da zai ciro maka daga tsohuwar talabijin ko mataccen rediyo, wa ya san shekarunta, wa ya san ƙarfin da aka yi ta ta ɗauka? Wayar gida bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma duk wanda ya taɓa ganin kwan fitila ya yi fari fat ya fashe lokacin da aka dawo da wuta ya san ba kullum take tsayawa a ƙa'ida ba. Kwandansa in ta mutu, sau da yawa haɗewa take yi ta zama waya miƙaƙƙiya, ba ta wari, ba ta hayaƙi, babu abin da zai nuna maka. Daga lokacin eriyar ƙarfen rediyonka, da ramin iyafis, da kusoshin jikinsa duk suna ɗauke da wutar gida. Yaro ya fito daga wanka, ƙafa ba takalmi, a kan siminti mai laima, ya miƙa hannu zai murɗa tasha. Jikin da ke jiƙe bai fi om 1,000 ba wajen tare wuta, kenan kusan miliyam 230 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) za su ratsa shi. Na'urorin kariya da ake sa wa gidaje a miliyam 30 suke yanke wuta, saboda daga nan zuciya ke fara shiga hatsari. Ka kwatanta da kanka. Kuma wutar nan ba jefar da mutum take yi ba kamar yadda ake faɗa, damƙe tsokar hannu take yi ya kasa saki.

Hujja ta biyu ta fi ban haushi. Wayar da babu wuta a cikinta yanzu ba matacciya ba ce, jira take yi. Ba a aiko maka da saƙo kafin a dawo da wuta. Ko ba a dawo da ita ba, maƙwabcinka da ya tada janareto ya jona shi a soket ba tare da na'urar sauya layi ba, yana tura wuta cikin layin unguwa, kai kana can kan tsani ka rantse an ɗauke tun jiya. Ma'aikatan wuta da kansu ba sa taɓa layi sai sun gwada shi sun ɗaure shi da ƙasa, ga safar hannu ga horo. Kai da me za ka hau?

Ƙanen wannan kuskure shi ne ɗaure ƙarshen eriya a jikin falwaya saboda ta fi komai tsawo a layin, ko a tsallakar da waya ta saman wayoyin wuta zuwa bishiyar darbejiyar da ke ƙetaren titi. Wayoyin da ke can ƙololuwar wasu falwayoyin bolt 11,000 ne ko 33,000, waɗannan ba sai an taɓa su ba, in ƙarfe ya matso sosai wutar tsalle take yi. Iskar farkon damina, wadda ke yaye kwanon gidaje, ba za ta bar siririyar wayarka a inda ka ɗaure ta ba. In ta tsinke ta faɗa kan layin, ɗaya ƙarshen yana cikin ɗakinka, kusa da katifarka. In kuma ta ƙarƙashi ka bi, layin ne zai faɗo mata. Ƙa'idar ita ce kada eriya ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar wuta ko kaɗan, kuma sandar da ka kafa ta yi nisa da layin aƙalla ninki biyu na tsawonta. Wanda ya ba ka shawarar nan ba a gidanka yake kwana ba, in abin ya faru iyakarsa ya zo gaisuwa ya ce ƙaddara ce. Ran yaran nan amana ne a hannunka, ba a hannunsa ba.

Abin dariyar ma, ko babu hatsari ba za ta yi aiki ba. Wayar wuta ita ce babbar hanyar ƙara a unguwa: cajar waya mai arha, kwan fitilar LED, inbata, na'urar cajin batirin sola, duk a cikinta suke zubar da dattinsu. Gwada wannan yau da dare. Sa wa rediyon batiri, kai shi inda babu tasha, ka matso da shi kusa da caja tana aiki, ka ji yadda zai riƙa kuka. Shi ya sa ranar da aka ɗauke wuta a unguwa gaba ɗaya tashoshin nesa suke fitowa tas. Ina zaton ƙarin mita 25 ɗin da ka yi ma kusa da wayar shigowar gida ya bi.

In cikin gari kake kuma fili ya yi kaɗan, eriyar zobe ta fi doguwar waya. Haɗa firam na katako murabba'i, kowane gefe santimita 60, ka naɗa waya mai rufin roba sau 12 ko 13, tazarar rabin santimita tsakanin naɗi, wajen mita 30 za ta ci. Jona bakin biyu a kwandansar murɗa tasha ta tsohon rediyo, mai kimanin pikofarad 365. Ba a jona ta da rediyo, ajiye shi kawai za ka yi a cikinta ko gefenta, sandan ferait yana kallon ramin zoben, ka murɗa har tashar ta taso. In ƙasan zangon (wajen 531) ya ƙi kamuwa ƙara naɗi ɗaya, in saman ne (wajen 1602) rage ɗaya. Amfaninta shi ne juyawa: kana iya karkatar da ita har tashar da ke danne maka wata ta nutse, ta Aljeriya a 531 misali ta fito. Mai gona kuwa, inda babu wayar wuta ko ɗaya, shi ne zai more doguwar waya ta gaske, irin wadda Harold Beverage ya fito da ita a farkon shekarun 1920: mita 200 zuwa 500, a miƙe, sama da ƙasa mita 2 ko 3, tana nuna inda tashar take, ƙarshenta a haɗe da rodin ƙasa ta hanyar resisto (ɗan kayan da ke rage gudun wuta) mai om 470. Busasshiyar ƙasa mai yashi irin tamu ta fi dacewa da ita.

Lokacin farauta daga faɗuwar rana ne zuwa ketowar alfijir, sa'ad da shimfiɗar sararin sama ta ƙasa, wadda ke shanye siginar da rana, ta baje. Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi, walƙiya ta yi nisa. Sai dai ƙurar hunturu tana tara wa waya caji har ka ji tas-tas a yatsa, don haka sa resisto mai om 100,000 tsakanin eriyar da rodin ƙasa ya riƙa zubar da shi. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo, cire wayar daga rediyon, fitar da ita waje ka ɗaure ta a jikin rodin, tun kafin a fara tsawa.