Batirin tsohuwar laftof a hannun yara: amsa ga wata malama daga Aboabo

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina koyar da kimiyya a wata sakandare a nan Kumasi, ni ce kuma ke kula da ƙungiyar ɗalibai masu haɗa mutum-mutumi. A hutun nan muna so mu zaga makarantun zango, Aboabo da Asawase da Sabon Zango, manyan yara su koya wa ƙanana haɗa 'yar mota mai bin layi. Kuɗinmu kaɗan ne. Wani mai gyaran waya ya ba mu baturan litiyam ƙirar 18650 kyauta, waɗanda ya ciro daga tsofaffin laftof, ya ce bolt 3.7 ko ɗan tsako ba ya kashewa. Ranar Asabar wani batir ya ɗau zafi a hannun wata yarinya har ta yar da shi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, 'ya'yan mutane ne. Ga shugaban wata makaranta ya ce sai mun kawo takardar izini, wasu iyaye kuma suna cewa wannan ba aikin mata ba ne. Don Allah ku ba ni shawara, mu ci gaba ko mu fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki fasa fitar. Baturan nan za ki fasa, kuma yau ɗin nan. Rashin kwanciyar hankalinki daidai ne.

Bari in fara kawar da masu sauƙin. Maganar takarda, shugaban makarantar yana da gaskiya, shi za a tuhuma idan wani abu ya faru. Ki rubuta wa ofishin ilimi na gundumarku da sa hannun shugaban makarantarki. Idan Islamiyya ce da ke ƙarƙashin gwamnati, ki aika kwafi ga sashen ilimin Musulunci. Ki kai da ƙafarki, a buga miki hatimi a kwafinki, don takarda kan yi ɓatan dabo a teburi, a yi ta ce miki ki dawo gobe har hutu ya ƙare. Ki kuma je ki gai da limami da mai unguwa kafin ranar. Sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a ta fi miki takarda goma wajen iyaye. Masu cewa ba aikin mata ba ne, ki gaya musu 'yan matan makarantar Methodist Girls ta Mamfe ne suka ciyo gasar mutum-mutumi ta duniya, Robofest, a Michigan ta Amurka a 2019. Ki ƙara musu da cewa Dakta Ashitey Trebi-Ollennu, wanda ya kafa gidauniyar Ghana Robotics Academy a 2011, yana cikin waɗanda suka yi aikin hannun na'urar InSight da ta sauka a duniyar Mars a 2018, kuma ɗan ƙasar nan ne. Shi ke nan. Mu dawo kan abin da ya fi damuna.

Kusan kullum sai na ji wannan magana ta cewa ƙaramin bolt ba ya cutarwa, wutar ECG, kamfanin lantarki na Ghana, ce kawai abin tsoro. Daga bakin masu gyara nake jin ta, da ɗalibai, har da malaman da ya kamata su fi haka sani. Abin da ya sa ta kama zuciyar mutane shi ne akwai rabin gaskiya a cikinta. Bolt 3.7 ba zai ja ki ba, fatar mutum ta fi ƙarfinsa, sabanin bolt 230 na bango. To amma wa ya ce jan mutum ne kaɗai cutarwa? Batirin litiyam ƙonawa yake yi. Mai kyau guda ɗaya, na 3000mAh, yana riƙe da kusan jul 40,000, abin da zai iya tafasa ruwan ƙaramin kofin shayi. Idan kansa da gindinsa suka haɗu ta hanyar ƙarfe, amfiya gommai ke kwarara nan take, siririyar waya ta yi ja, robarta ta narke ta manne a yatsa. Idan zafin ya kai wani matsayi, siririn labulen da ya raba ɓangarorin ciki ya narke, daga nan batirin ke ciyar da wutar kansa. Ba ya jiran ki cire waya. Kamfanin Samsung da duk injiniyoyinsa sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda wannan. Balle mu da ke aiki a aji mai rufin kwano cikin zafin watan Maris, alhali ƙa'idar cajin irin waɗannan batura ba ta wuce digiri 45 ba.

Ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka ba ki, ki kai shi bakin taga ki duba. Za ki ga tabon walda a kai da gindi, inda aka sa filaya aka fizge ɓallin ƙarfen da ya haɗa su. Duba rigar robar a kafaɗa, sau da yawa za ki tarar ta yage, ko zoben takardar da ke wuyan ya fita. Gwangwanin batirin nan gaba ɗayansa nagatif ne, tun daga gindi har kafaɗa, tsakaninsa da kan fositif kuwa 'yar tazara ce da ba ta kai faɗin farce ba. Makulli, sulen pesewa, fil ɗin hijabi, guntun waya a kan tebur, kowanne ya isa ya haɗa su. Ina kyautata zaton abin da ya faru a hannun ɗalibarki ke nan, ko kuma an saka shi a juye cikin gidansa tare da wani.

Sannan a cikin laftof waɗannan batura ba su kaɗai suke zaune ba. Akwai ɗan allo da ke lura da bolt ɗinsu da zafinsu, ya yanke caji a 4.2, ya hana su zubewa ƙasa da kima. Wanda ya fasa kwanson ya jefar da mai gadin ya miƙo miki abin da ake gadi. Kuma me ya sa aka yar da laftof ɗin tun farko? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Batirin da ya daɗe a ƙasa sosai da bolt 2.5, jan ƙarfen da ke cikinsa zai iya fara narkewa. Idan aka tilasta masa caji, ƙarfen yakan sake daskarewa ya yi tsinke-tsinke masu huda labulen ciki. Zai nuna 4.2 a mita lafiya lau, ki saka shi a jaka, ya tashi da dare.

A nan ne raina ke ɓaci da masu "tayar da mataccen batir". Na tsaya a gaban wani shago na ga yaro ya fere igiyar caja, ya danna wayoyin biyu a kan batir da yatsunsa, yana taɓa shi da leɓe don ya ji ko ya ɗau ɗumi. Caja bolt 5 take bayarwa, batir kuwa 4.2 ne iyakarsa, kuma ba abin da zai tsayar da ita. Wani ya ce a saka a firji ya kwana. Wani, idan batir mai laushi ya kumbura, sai ya huda shi da allura wai iska ta fita. Wannan iskar mai kamawa da wuta ce, allurar kuma ƙarfe ce da ke ratsa dukkan sassan ciki. Wani ya ɗora ƙarfen dalma a kan batir kai tsaye ya daɗe yana gasa shi. Idan ka yi magana a ce ai kullum haka muke yi ba abin da ya faru. To ranar da zai faru ba a kan teburinsa zai faru ba, a jakar yarinya 'yar aji shida zai faru, cikin ɗakin da katifu da labule suke, a gidan haya mai ƙofa ɗaya. Sababbin na kasuwa ma ki yi hattara. Duk 18650 da aka rubuta wa 9900mAh ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya ba su cika wuce 3500 ba, kuma wanda ya yi ƙarya a kan lamba ba zai kashe kuɗi a kan kariyar ciki ba.

Abin da za ki fita da shi: batura AA masu caji, na NiMH, bolt 1.2 kowanne. Guda 6 za su ba ki 7.2, sun isa Arduino, allon da ke zama ƙwaƙwalwar motar, da ƙananan injinan taya ko da L298N, allon da ke tuƙa injinan, ya cinye kusan bolt 2 nasa. In allon micro:bit kuke amfani da shi a madadin Arduino, AAA biyu sun wadatar. Ki manta da ɗan murabba'in nan mai bolt 9, ba ya jan taya. Eh, za ki kashe sidi, motar kuma za ta ɗan yi nauyi. Gara ku fita da mota uku masu lafiya, yara su yi layi, da ku fita da goma. Kowace mota a sa mata makunni, in da hali da ɗan fis a wayar fositif. NiMH ma yana ɗaukar zafi idan aka haɗa kansa da gindinsa, don haka babba ne zai saka ya cire.

Idan manyan ɗalibanki sun nace sai litiyam don gasa, wannan a ɗakin gwaji ne, kina tsaye. Sabon batir daga amintaccen mai sayarwa, allon caji na TP4056 mai kariya ga guda ɗaya, allon daidaita caji idan an jera biyu ko uku, caji a kan siminti, ba a barin shi a tafi sallah. Bokitin yashi a gefe. Idan ya fara huci ko kika ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, a fitar da yara tukuna, hayaƙin guba ne. A kira 112 ko 'yan kwana-kwana a 192.

Na hannunki kuwa, ki naɗe kan kowanne da salatif, ki zuba su a gwangwani mai yashi, ki ajiye a inuwa nesa da kicin. Kada su je bola, kin san ƙona ta ake yi, yara kuma suna tono a wurin. Ki tambayi ofishin hukumar kare muhalli inda ake karɓar irin wannan kaya. Kada kuma ki mayar wa mai gyaran, wani malamin zai ba.

Saura abu ɗaya da masu fita unguwa ke mantawa. A zango ba a koyar da 'yan aji shida su kaɗai, kowace yarinya da ƙaninta a gefe, wani ma a goye. Batirin nan mai kama da maɓalli, CR2032, da ke cikin wasu ƙananan alluna da rimot, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 zai iya ƙona naman wurin. Ba a sa yaro amai, ba a ba shi manja, ba a jira a ga ko zai fito. Asibitin Komfo Anokye kai tsaye, a gaya musu batir ne. Iyayen da suka sako miki 'ya'yansu amana suka ba ki, kuma ba za su san abin tambaya ba, ke ce kika sani. Don haka ki naɗa ɗaliba ɗaya da aikinta ke nan: ta ƙirga batura da sukurori kafin a shiga aji, ta sake ƙirgawa kafin a buɗe ƙofa. In lissafi bai cika ba, ba mai fita sai an gano.