An Ce In Raka 'Yan Ajin 'Yata Cikin Birni: Mene Ne Aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. A Panshekara nake zaune, 'yata tana aji biyar na firamare. Makarantarsu za ta kai su ziyarar gani da ido cikin birnin Kano: Gidan Makama, Dutsen Dala, karofin Ƙofar Mata da Gidan Zu. An roƙi iyaye uku su raka su, har da ni. Na amsa, amma tun daga ranar gabana ke faɗuwa. Ni ba malama ba ce, kuma cikin gari ba na shiga sai biki ko dubiya. Me ake so in yi, me zan riƙe? Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Faɗuwar gaban nan ta fi mini daɗi a kan uwar da za ta caɓa ado ta zo ɗaukar hoto. Na yi shekaru ina fita da yara irin wannan ziyara, kuma abin da nake nema wajen uwa guda ne: ta iya ƙirga. Bayanin tarihi na malamai ne da masu kula da wuraren. Ke idonki ake so.

Kafin ranar, ki je wajen shugabar makaranta ki ce a ware miki yaranki, shida zuwa takwas, a rubuta sunayensu da lambar iyayensu a takarda. Kada ki yarda da "duk mu sa ido a kan kowa", don yaron kowa ba na kowa ba ne. In za ki ji shawarata, ki ce a sa 'yarki a rukunin wata uwar. Na san da ciwo, amma ido jini yake bi. Kina gyara mata hijabi, ɗan wani ya sulale. Ki kuma tambaya ko a cikin naki akwai mai sikila ko asma.

Iyaye zakin Gidan Zu suke tsoro, alhali ba a nan ake samun matsala ba. Yaro yana ɓacewa ne wajen sauka daga mota, wajen tsallaka titi, da lokacin alwala da shiga banɗaki. Yaran bayan gari sun saba da fili, ba su san ɗan adaidaita sahu na iya ɓullowa ta hannun da ba nasa ba, kuma lungunan cikin birni duk kamarsu ɗaya ga baƙo. Ki ƙirga da suna, kowa ya amsa, duk sanda aka sauka da duk sanda za a hau. Na koyi wannan ne da wahala. Wata shekara, a wani wurin ziyara, na ƙirga kawuna na samu cif, muka ɗau hanya. Ashe ɗaya daga cikin kawunan ɗan wata makaranta ne mai yunifom irin namu, namu kuma yana can cikin motarsu yana cin cincin hankali kwance. Allah Ya rufa asiri ba mu yi nisa ba. Tun ranar na daina ƙirga kai.

Ki matsa a fara da Dala tun da sanyin safiya. Tsakanin Maris da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma a saman dutsen babu inuwar kirki. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba wanda zai wuce na gaba. Hawa ba ya ba ni tsoro kamar sauka, don a nan ne maza ke tsere, 'yan mata kuma ta baya ta take wa ta gaba dogon hijabi a kan matattakala. Ki sa su tattare shi a hannu. Mai sikila in ya ce ya gaji, ya gaji. Ku zauna tare ya sha ruwa. A sama kuwa ki bar su su more, su hango Goron Dutse, su ji labarin Barbushe da Tsumburbura a inda ake cewa abin ya faru, amma nesa da baki.

Ƙofar Mata ce inda nake so ki fi buɗe ido. Marinar nan, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, rijiyoyi ne daidai da ƙasa, ba katanga, kusa da juna, kuma zurfinsu ya wuce tsayin babban mutum. Ruwan baba da toka ya yi shuɗi har ya koma baƙi, kumfa a samansa, yaro ba zai taɓa zaton zurfin ba. Ga marini a tsugune yana tsoma zane yana ɗagawa ya sha iska, launin yana sauyawa a gaban idonsu, kowa sai tura na gabansa yake don ya leƙa. A shiga rukuni-rukuni, ke kina tsakaninsu da ramin. Sannan farin yunifom da ruwan baba ba sa shiri, iyaye kuma ke za su tambaya. Asibitin Murtala yana nan kusa, ki riƙe wannan a ranki, Allah Ya sa ba za a buƙata ba.

Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, hutu ne. An gina shi ne don Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Ki hana taɓa kaya, ki leƙa kowane ɗaki kafin ku fita. A Gidan Zu na Audu Bako kuma, hannu da biri ne kawai: kada a miƙa masa komai ta wayar kejinsa.

Jakarki kada ta yi nauyi: ruwan leda, ledoji don masu amai a mota, filasta, garin gishiri da sukari na ORS, 'yan canji, da waya cike da caji. Kada ki ba ɗan wani magani sai da sanin malama. Za a sami yaron da aka turo ba ko sisi, yana kallon 'yan uwansa suna shan askirim. Ki saya masa a ɓoye, ba sai kin yi shela ba. Hotunan 'ya'yan mutane kuma ki tura wa makaranta, ba Facebook ko sitatus ɗin WhatsApp ba.

In kun dawo, kada ki kama hannun 'yarki ki wuce. Ki shiga motar ki duba har ƙarƙashin kujerar baya, don wanda rana ta gasa a nan yake yin barci. Sai kin miƙa wa malama takardarki, kowane suna da alama a gabansa, sannan ki nemi abin hawa zuwa gida.