Tambayi Bakanike: Ƙusoshi sun zo daidai, amma haƙora fa?

Tambaya: Ina farfaɗo da motar soja Dodge M37 ƙirar 1953. Difaranshal ɗin gaba, wato giyar tsakiyar aksul da ke raba juyi ga tayoyi biyu, ya ci kansa, sai na samu wani da aka ciro daga Power Wagon ta farar hula. Ramukan ƙusoshi sun yi daidai. In ɗaura?

Amsa: Dakata tukuna, Malam. Zaman ƙusa ba shi ne shaida ba, haƙora za ka ƙirga. M37 ta fito da lissafin giya 5.83, wato haƙora 35 a babban faifai, 6 a ƙaramin: 35 a raba da 6. Power Wagon kuwa akwai mai 5.83, akwai mai 4.89, wanda haƙoransa 44 da 9 ne. A ido kamar an tsaga kara.

In na ƙarshen ka ɗaura, tayoyin gaba za su riƙa neman wuce na baya da kusan kashi 19 cikin ɗari. Akwatin raba ƙarfi na motarka, NP200, ba shi da difaranshal a tsakiya da zai shanye wannan saɓani. Da ka sa giyar taimako a kan kwalta, farfela, sandar da ke kai juyi zuwa aksul, za ta murɗe, sitiyari ya yi tauri, giyar ta ƙi fita, daga nan sai sandar aksul ko haƙori ya ɓalle.

Auna na baya ma, don motar da ta shekara saba'in ta bi ta hannaye da yawa. Sa mota a firi, ka ɗaga taya ɗaya da jak, ka yi wa farfela alama da alli. Juya tayar sau biyu cif kana ƙirgawa: in farfela ta kusa cika zagaye 6, 5.83 ne; in ta gaza 5 kaɗan, 4.89 ne. Kuma kada ka auri faifai daga nan, ƙaramin daga can, domin tare aka goge su a masana'anta. In an raba su sai kuka da zafi.

Tambaya: A babbar motar soja GMC CCKW, aksul mai tsagi zai zauna a gurbin banjo, wato mai tulu guda marar tsagi?

Amsa: A'a. Tsakanin 1941 da 1945 an ƙera CCKW da iri biyu: na kamfanin Timken mai tsagi a tsakiya, da banjo na kamfanin GM. Kowanne da nasa akwatin raba ƙarfi da nasa tsarin farfela, don haka sauya ɗaya na nufin sauya duka. Leƙa ƙarƙashin motar kafin ka biya: mai tsagi, za ka ga layin ƙusoshi ya raba tulunsa gida biyu.