Hajiya, barshumi ba ya son firiza

Wata Hajiya mai sana'ar zoɓo da kunun aya a nan cikin Katsina ta turo min tambaya. Ta ce ta fara cin 'ya'yan kaktus ne, wata shuka mai ƙaya, a Saudiyya da ta je Umara, can barshumi suke ce mashi, da ta dawo sai ta gano ashe irin shi ne maigidanta ya yi shinge da shi a gonarsu ta hanyar Kaita. Bana ya yi 'ya'ya sosai, ta sa yara suka tsinko buhu guda, kwana huɗu rabi ya ruɓe, sauran ta zuba cikin firizar zoɓo shi ma ya lalace. Yanzu ta kusa ɗaukar adashi, shin ta sayi babbar firiza da sola saboda shi?

Toh Hajiya, Allah ya sa albarka, amma dan Allah ki riƙe kuɗin adashin nan tukuna. Asarar da kika yi tun a gona ta faro, a hannun yaran da kika aika.

Na san yadda suka yi ko ban gani ba. Sun sa sanda sun kaɓo, ko sun murɗo da hannu suna gudun ƙaya, suka tula cikin buhu aka ɗaure bayan mashin. Barshumi in aka murɗe shi gindin yana yagewa, ta wannan ƙofar ruɓa ke shiga. Sannan waɗannan ƙananan ƙayoyin masu kama da ƙaiƙayi, cikin buhu su ne ke sossoke bawon junansu, ido ba ya ganin ramin amma fumfuna tana gani. Don haka da sassafe ake cire shi, rana ba ta yi ba, lokacin akwai raɓa ƙayar ba ta tashi a iska, a sa safar hannu mai kauri, a yanka da wuƙa mai kaifi a bar ɗan guntun ganyen manne a gindin, kamar marfi. Sai a baje a inuwa a share ƙayar da buroshi ko tsintsiya mai laushi. Wanda ya faɗi ƙasa ko ya tsage a ware shi gefe, ba na ajiya ba ne. Kuma ki sani shi ba irin mangwaro ko ayaba ba ne da za a ciro ɗanye a nuka a gida, zaƙin da ya bar bishiya da shi shi kenan, saboda haka sai launi ya fara juyawa ake cirewa.

Buhu kuma ki manta da shi. Kiret ɗin roba marar zurfi, irin wanda wasu 'yan tumatir suka koma amfani da shi, ko kwali mai huda, jeri ɗaya ko biyu, da takarda a ƙasa.

Yanzu maganar sanyi, nan ne mutane ke ruɗewa, gani suke duk abin da ya fi sanyi ya fi ajiya. Barshumi ɗan ƙasar zafi ne, asalinshi Meziko, kuma har yau su suka fi kowa noma shi, sai irin su Italiya a tsibirin Sisili, da Maroko da Tunisiya da arewacin Habasha. Sanyin da yake so digiri 6 zuwa 8 ne, da laima sosai a iskar, kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari, a haka zai yi sati biyu har zuwa biyar gwargwadon iri da yadda aka ciro shi. In ya daɗe ƙasa da digiri 5 sai bawon ya fara ramuka-ramuka da tabo mai duhu, ki fito da shi kwana ɗaya ya fara ruɓa. Firizarki kuwa in ta samu wuta sosai tana kai 18 ƙasa da sifili, ruwan cikinshi ya daskare ya farfasa tsokar, yana narkewa ya koma kamar an dama. Shi ya sa kika ga abin da kika gani.

Ko firij na gida ma yawanci ya ɗan fi mashi sanyi, sai dai aljihun ƙasa na kayan miya. Abin da zan ce ki fara saye ƙaramin ma'aunin zafi ne, kuɗinshi bai kai na kiret ɗin lemo ba. In kina da tsohuwar firiza da ba ki cika amfani da ita ba, akwai 'yar na'ura da ake jonawa tsakanin soket da firiza, ki saita ta kan 7, tana kashewa tana kunnawa da kanta, masu gyaran firij sun san ta. Kin ga firiza ta zama ɗakin sanyi ba tare da kin taɓa uwar kuɗi ba, kuma ba ta cin wuta kamar mai yin ƙanƙara.

Leda tana da amfani don tana hana shi yanƙwanewa, musamman da iskar hunturun nan tamu mai busar da komai, amma a huhhuda ta. Leda a ɗaure ruf gumi take tarawa, gumi kuma abincin fumfuna ne. Haka in kin fito da shi daga sanyi zuwa zafinmu na sama da digiri 40 nan take zai yi raɓa, saboda haka ki riƙa fito da na sayarwar ranar kaɗai, kar a yi ta shiga da fita da shi.

Ranar da babu wuta fa? Randa cikin randa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a baki, dabarar da marigayi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta ja mashi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba za ta kai ki digiri 8 ba, kuma da damina ba ta wani aiki, amma da rani tana ƙara kwanaki.

Sai lissafi. A ce kin cire guda 100, kin biya yara da mai mashin, 50 sun ruɓe, to kowane ɗaya da ya rage ya tsaya maki ninki biyu. Wuƙa da kiret da buroshi su za su ceto mafi yawan hamsin ɗin nan. Sola da batir da inbata kuwa kuɗi ne manya, shi kuma barshumi 'yan watanni yake yi a shekara ya wuce, wa zai biya sauran watannin? In za ki yi sola ki yi ta don zoɓo da kunun aya da kike sayarwa kullum, shi ya raɓu.

Abin da ya fi damuna ma kasuwa ce, mutanenmu da yawa ba su san ana cin shi ba, ganin ƙaya kawai sai su ja baya. Ki fere ki jera huɗu ko biyar a robar tekawe mai marfi, amma fererren bai wuce sati ba ko a firij, gara ki ɗauka kwana ukku ne. Ki fara da alhazai da hajiyoyin da suka san shi a can, da masu sayen zoɓonki, ki ba su ɗanɗano, ki gaya masu a haɗiye 'ya'yan da ke ciki ba a taunawa, kuma kar a cika ci don yana ɗaure ciki. Waɗanda suka tsage ki markaɗa ki tace ki yi lemo, wannan kam ki daskarar da shi a firiza ba komai.

Yanka na gaba ki ciro kiret ukku, ɗaya a inuwa, ɗaya a randa, ɗaya a digiri 7, ki samu littafi ki riƙa rubuta nawa ke lalacewa kowace safiya da nawa kika sayar. In sati ukku ya cika ki turo min hoton shafin mu duba tare.